Rashin tabbas ya fi tsada ciwo

Dattijon da nake auno hatsi a wajensa a kasuwar Sabon Gari ya daina ba da bashi. Da na yi masa ƙorafi sai ya ce, "Malam, in na ba ka buhu yau, ranar da ka kawo kuɗin wa ya san ko rabin buhu za su sayo mini?" Littafin bashin nasa yana ƙarƙashin tebur, ya ɗaure shi da kyauro.

Ni a ganina nan ciwon yake. Tsada ana iya yi mata shiri. Abin da ke karya ɗan kasuwa da manomi shi ne su kwana ba su san farashin da za su wayi gari da shi ba, kuma sau da yawa gwamnati ce ke ƙara dagula lissafin.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Makonni kaɗan bayan haka aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Ba na cikin masu kukan a dawo da tallafin, don kowa ya san 'yan fasa-ƙwauri da manyan dillalai sun fi talaka morarsa. Tambayata ita ce, kuɗin da aka ce an tsimin ina suka shiga? Kason jihohi ya ƙaru sosai, amma a shekarar ce 'yan majalisar tarayya suka karɓi sababbin motocin alfarma, a 2024 kuma aka sayo wa shugaban ƙasa jirgi. Wanda ya ce ka ɗaure ciki ai ya kamata ka ga nasa a ɗaure.

Dubi manoman masara na Giwa da Soba a jihar Kaduna. Sun sayi taki da ɗan karen tsada, wasu da bashi, suna kallon farashin da ke kasuwa. A Yulin 2024 aka ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150. Mai saye ya ji daɗi, ni ma na ji, ba zan ɓoye ba. To amma manomin fa? Da kuɗin nan an zuba su a taki da noman rani a gaɓar kogin Galma, da sauƙin ya zo ba tare da an kwantar da mai fartanya ba.

Wasu ƙasashen Afirka ma sun sha wannan. Ghana ta kasa biyan basussukanta a 2022. A Kenya kuwa matasa sun kutsa majalisa a Yunin 2024 kan ƙarin haraji, sai da Shugaba Ruto ya janye ƙudirin dokar.

Dattijon nan ya ce bana wani ɗan'uwansa a Soba rabin gonarsa kawai ya shuka masara, sauran ya zuba waken suya, tunda shi ba ya cin taki.