Tarago ya goce, jama'a sun koma tashar mota

Ranar 26 ga Agusta 2025 jirgin Abuja zuwa Kaduna ya sauka daga kan layi a Asham, jihar Kaduna. Cikin sa'o'i kaɗan hotunan taragun da suka karkace suka gama zagaya Facebook da WhatsApp, a majalisun Ringim da Gagarawa ma aka yanke hukunci: jirgin ƙasa ba abin hawa ba ne. An ji raunuka, amma ba a rasa rai ba, sai dai wannan bai samu shiga kanun labarai kamar hotunan ba.

Wanda ya fasa jirgi, mota zai hau. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) kuwa sun nuna titunanmu na cin rai sama da 5,000 a shekara, uku nan, bakwai can, a yi jana'iza a watse.

Ba cewa nake a yi shiru ba. Jirgi ba ya gocewa haka kawai, kuma nan ya kamata 'yan jarida su tsaya. Tsakanin dogo da dogo a sabon layi milimita 1,435 ne. In aka kwance ƙarafan da ke ɗaure dogon da kankaren ƙarƙashinsa aka kai wa 'yan jari-bola, nauyin jirgi sai ya buɗa tazarar, ƙafa ta faɗa ciki. Da damina ruwa kan kwashe tsakuwa a bakin kwalbati ya bar dogo a rataye. Da bazara ƙarfe kan miƙe don zafi har ya lanƙwashe. Sai wurin sauya wa jirgi layi: in bai kulle tsaf ba, kan jirgi ya bi nan, tarago ya bi can.

Mu da layin Kano zuwa Maraɗi zai ratsa ta Dambatta da Kazaure, da reshe zuwa Dutse, abin tsoronmu yana ƙasa ne, a mahaɗar layi da hanya. Jirgi mai kaya yana iya cin kilomita guda bayan an ja birki kafin ya tsaya, ba ya kuma kaucewa. Amalanken shanu ɗauke da dawa, in ƙafarsa ta maƙale a dogo, a kwance shanun a ja baya, kada a tsaya turi. Tun ana aiki ya kamata dagatai su tambayi inda za a bar wa burtali mashiga, da mahaɗa nawa za a sa wa shinge da mai gadi.