Kifin da ya hana ni wanka a Krakow

A gidanmu na Wusasa, in Kirsimeti ta ƙarato, dabbar da ke shiga uku ita ce kaza, in an samu sarari a haɗa da ɗan akuya. Shi ya sa shekarata ta farko a Krakow ta ƙasar Poland, inda na je karatu, na yi ta baza ido ko zan ga tsohuwar da nake haya a gidanta ta shigo da wani abu mai fukafukai. Shiru kake ji.

Ranar 22 ga Disamba da asuba na shiga banɗaki, ba tabarau a idona, magagin barci bai sake ni ba. Na ga bahon wanka cike da ruwa, na ce Allah ya saka wa baiwar Allah nan, har ruwa ta tara min. Na tsunduma ƙafa. Sanyin ruwan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tuba, kafin in janye sai wani abu mai santsi ya sharara min mari a ƙwauri. Ihun da na saki, da Hausa na sake shi, har da kiran sunan tsohuwata da ke Zariya. Na fito da tawul a hannu maimakon a ƙugu, na yi kiciɓis da mai gidan a bakin ƙofa riƙe da ludayi.

"Pani, akwai wani abu a ruwa!" Haka ake kiran mace a can don girmamawa, kuma ko a cikin tashin hankali ban manta ladabi ba.

Ta wuce ni ta leƙa, hankalinta duk a kan bahon. Kifi ne, karp suke ce masa, ya kai tsawon damtsena. Sai da ta tabbatar ban ji masa ciwo ba sannan ta tambayi lafiyata. Ashe tsohuwar al'ada ce a wajensu, da su da maƙwabtansu 'yan Cek da Sulobakiya: a sayo shi da rai, ya yi kwanaki a baho, wai don ya rage ƙarnin taɓo, sai jajibirin Kirsimeti a soya shi.

Wanka da bokiti ba baƙona ba ne, to amma ban taɓa yinsa ana kallona ba. Kwana 2 ina tsugune a gefen baho, shi yana buɗe baki yana rufewa kamar mai gulmata. A hankali muka saba. Har gutsurin burodi na riƙa jefa masa a ɓoye, sai da Pani ta ga ruwan ya yi dagwalo ta yi min faɗa kamar ita ta haife ni.

Ranar 24 aka yi Wigilia, babban cin abincin daren jajibiri. Ba a fara ci sai an ga tauraron farko, ni da jikokinta muka liƙe a taga, ni yunwa ce ta kai ni. Abinci kala 12, adadin manzannin Yesu, amma ko tsokar nama ɗaya babu. Aka miƙo min opłatek, wani farin burodi siriri kamar takarda, wanda ake gutsura wa juna ana yi wa juna fatan alheri. Kafin a fara zagayen na riga na cinye nawa. Na ga ciyawa na leƙowa daga ƙarƙashin mayafin tebur, na sa hannu zan share, surukin Pani ya riƙe ni: tunawa ce da komin dabbobin da aka kwantar da Yesu.

Sai ga abokina an kawo shi a faranti, an yayyanka, an soya. Na yi niyyar in ce na ƙoshi, don kunya. Yanka 3 na ci, ƙaya ta maƙale min a na ukun, aka yi ta dukan bayana ana ɗura min kompot, wani abin sha na busassun 'ya'yan itace.

Kafin mu fita sujadar tsakar dare, Pani ta naɗe ɓawon jikin kifin guda ɗaya a takarda ta cusa min a lalita, ta ce yana jawo kuɗi. Har yau yana nan. Kwanan baya na buɗe lalitar a gaban mai shayi a Sabon Gari, ya leƙa ya ga ba komai sai shi, ya ce in bari sai gobe na biya.