Kwamfuta ɗaya, amma sun bar mana ƙofa a buɗe

Raina a ɓace yake. Kawuna yana da shagon kayan masarufi a unguwar Nima da ke Accra, ni nake duba masa kwamfuta. Bara ya zuba kuɗi wani kamfani ya ɗora masa manhajar lissafi. Inji ɗaya ne tak, mai Linux. Manhajar ciniki ta ajiye saƙo a layi, ta biyu ta ɗauka ta tura rasit zuwa wayar mai saye. Layin a kan Redis suka gina shi, wata manhajar ajiye bayanai.

Ranar Asabar da la'asar aka ɗauke wuta, dumso ɗin da muka saba. Da ta dawo, duk rasit ɗin da ke jira a layi sun salwanta. Wata Hajiya daga Mamobi ta dawo tana faɗa, ta biya ta MoMo, wato kuɗin waya, ba ta ga shaida ba. Kawu ya hau yarinyar da ke kan kanta da masifa, har ta ɓuya bayan buhunan shinkafa tana kuka. Wallahi ba laifinta ba ne!

Na buɗe fayil ɗin saitin Redis da kaina. Ba su kunna appendonly ba, saitin da ke sa a riƙa rubuta kowane saƙo a faifai, wato saƙonni suna zaune a ƙwaƙwalwar wucin gadi, sai jefi-jefi ake kwafe su zuwa faifai. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙofa ta 6379, wadda ta nan ake shiga Redis, a buɗe ga duk wanda ya hau waifai ɗin shagon, babu kalmar sirri. Har kariyar da Redis ke zuwa da ita tun sigar 3.2 sun kashe. Waifai ɗin nan kuwa, yaran layinmu duk sun haddace lambarsa.

Don Allah, manhajoji biyu a inji ɗaya, me ya kai su ga buɗe ƙofar waje? A rubuta port 0 a saiti don rufe ƙofar, a ba su soket ɗin Unix, hanyar da ba ta fita daga cikin injin, su yi magana ta nan, an gama. Ko kuma a maye gurbin Redis da SQLite, wata manhajar ajiye bayanai: fayil ɗaya, tebur ɗaya, saƙo ba ya karɓuwa sai ya sauka a faifai. Wuta ta tafi ta dawo, yana nan inda yake.

Sau uku na kira kamfanin. Na ƙarshe wani ya kawo zancen UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ya ce, "Ku gaya wa Alhaji ya sayi UPS, kuma in ka taɓa saitin, ba ruwanmu da gyara." Kuɗinmu suka ci, sannan su hana ni rufe ƙofar shagonmu? Na rufe ta jiya bayan Isha.