Hoton ajinmu, da waɗanda suka riga mu

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Jiya da dare wani ɗan ajinmu ya turo tsohon hoton da muka ɗauka ranar da muka gama jarrabawar WAEC a 1998. Na riƙa bin fuskoki da yatsa ina ƙirgawa. Mutum bakwai a cikinmu sun koma ga Allah. Akwai kuma na takwas da bai ma kai ga hoton ba, sanƙarau ɗin 1996 ya ɗauke shi muna aji huɗu, a tsakiyar zafin bazara. Da shi muke zama benci ɗaya, kullum da safe tare muke takowa daga Ƙofar Marke a nan Sakkwato, yana yi mini bitar Ahalari a hanya. Ranar Laraba ya ce kansa na ciwo, ranar Juma'a aka sallace shi.

Wallahi abin da ya hana ni barci shi ne, sai da na yi tunani mai tsawo kafin sunan biyu daga cikinsu ya faɗo mini. Mutanen da muka sha fura a ƙwarya ɗaya!

Idan aka sanar da rasuwa a zaurenmu na WhatsApp, kowa zai rubuta "Allah ya jiƙan shi", wasu su je jana'iza, wasu su je zaman makoki. Bayan kwana uku hirar siyasa ta dawo. To, marayun fa? Ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan ya bar 'ya'ya biyar a Mabera. Na haɗu da babban ɗansa yana tallan ruwa kusa da Masallacin Shehu, na gane shi ne da kamar mahaifinsa. Na tambaye shi makaranta, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, tun bara na daina zuwa." Ya kira ni Baba, ni kuwa ko gidansu ban taka ba tun ranar uku.

Allah ya koya mana a Suratul Hashri, aya ta 10, mu riƙa roƙon gafara ga kanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu da imani. Annabi (SAW) kuma ya ce ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Cikinmu wa ya taɓa zuwa wurin iyalan abokinsa ya tambaya ko akwai bashin da ya bari? Akwai ma waɗanda mamacin ne ke bin su, suka yi shiru don babu shaida. Ka ji tsoron Allah, ɗan uwa, ka kai wa marayu haƙƙinsu tun kana da numfashi.

Muna tara kuɗi duk shekara don taron tsofaffin ɗalibai, a yanka rago, a ɗinka anko. Ban ce haramun ne ba, zumunci ibada ne. Amma rabin kuɗin nan zai mayar da yaron can aji.

Ku ambace su da sunayensu a sujada, kowa shi kaɗai. Allah ya gafarta musu, ya haskaka makwancinsu, ya kyautata namu zuwan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan tafi Mabera, in sha Allahu. Wanda zai raka ni ya yi mini magana.