Yuro 40 da san Yaya

A watan jiya ciwon ciki ya kayar da ni cikin dare a nan birnin Hambug na Jamus. Da na isa asibiti ba wanda ya ce in je in nemo kuɗi. Katin inshora kawai suka zura a na'ura, kafin gari ya waye an cire mini afendis. Ɗaki mai gado biyu, taga tana kallon bishiyoyi, maɓalli a gefen gado da za ka danna ma'aikaciyar jinya ta shigo, har takarda ake kawo maka ka zaɓi abincin gobe. Kwana huɗu na yi. Takardar asibiti ta zo: yuro 40, goma a kowace rana.

Na kira Yayana a Gombe kan GoHealth, shirin inshorar lafiya na jihar, na ce, "Yaya, don Allah ka yi wa iyali rajistar GoHealth." Ya ce, "Kai dai ka zama Bature. In shekara ta zagayo ban kwanta ba, kuɗina ya bi ruwa ke nan? Gara in ƙara tunkiya." Maganar ta sosa mini rai.

Ba wai ba shi da hujja ba. A Jamus inshora dole ce, kashi 14.6 cikin ɗari na albashi da ɗan ƙari, rabi ni rabi wanda ya ɗauke ni aiki, kuma duk wata sai na ji zafin yankan. Na kuma san a gida mutane na tsoron su biya, ranar buƙata a ce babu magani, a je kemis.

Amma bara da matarsa ta buƙaci aikin haihuwa, san da yake kiwo ya ja zuwa kasuwa, dillalai suka ga gaggawa a fuskarsa suka karya farashi. Kiwon shekara biyu ya tafi a wuni ɗaya. Adashi kuwa, ciwo ba ya jiran ranar kwasarka. Wanda ya tara naira a farkon 2023, dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500, magani ma ya bi ta. Inshora ai gudummawa ce, sai dai ana haɗa ta tun kafin a kwanta. Tun 2022 ma doka ta wajabta ta a Najeriya. Wane Turanci ne a nan?

Ban zama Bature ba, Yaya. Kwanakin nan huɗu ba wanda ya leƙo ni, ranar sallama ni na ɗauki jakata na hau jirgin ƙasa. Lokacin da matarka ke kwance, an ce sai da aka shimfiɗa tabarmi a baranda saboda 'yan dubiya, Inna tana aiko da kunun gyaɗa a filas kowace safiya. Ni burodi da cuku aka ajiye mini, na kasa ci.