Ranar da getpwnam ya mayar da Oga baƙo

Har yau in na ji an ce a kunna majigi sai gabana ya faɗi.

Aikin ba wani babba ba ne. A sabar ofis mai Linux kowa da foldarsa, aka ce in rubuta ɗan shiri da yaren kwamfuta na C wanda zai duba ko mai neman shiga folda shi ne mai ita. Na kira getpwnam, fankshin mai nemo bayanin asusu, da sunan mai folda, na riƙe manunin da ya dawo da shi, wato adireshin wurin da ya ajiye amsar. Na sake kiransa da sunan mai nema, na riƙe manuni na biyu, sai na gwama pw_uid ɗinsu, wato lambobin asusun. In sun zo ɗaya, a buɗe. Na gwada da sunana a foldata, ta buɗe, na tafi cin abinci. Wanda ya kamata a hana kuwa ban gwada shi ko sau ɗaya ba.

Shi getpwnam, wanda ke cikin pwd.h, suna kake ba shi ya nemo maka bayanin asusun, yawanci daga /etc/passwd. Kowane layi a fayil ɗin gida bakwai ne: suna, gurbin kalmar sirri inda x kawai za ka gani don ainihinta tana /etc/shadow, lambar mai asusu, lambar rukuni, cikakken suna, foldar gida, da shell, wato shirin da ke karɓar umarninka. Root, asusun da ke da iko a kan komai, lambarsa 0, mu talakawa a Ubuntu daga 1000 muke farawa. Duk na san wannan. Har bayaninsa na tsaya yi ranar gwajin shirin a gaban Oga da ma'aikata, ina nuna bangon da majigi ya haska da biro.

Sai Oga ya ce, “To malam, nuna mana yadda zai hana. Sa asusun baƙo ya nemi tawa foldar.”

Na rubuta, na danna, na juyo ina kallon jama'a don in ga fuskokinsu lokacin da zai ce an hana. Fuskokin kuwa na gani. Mai lissafin kuɗi ta sa hannu a baki. Da na waiwaya, ga shi ɓaro-ɓaro a bango: mai folda, baƙo, mai nema, baƙo, sannu da zuwa. Ƙarƙashinsa jerin fayilolin Oga, tunda da ikon root shirin yake gudana, babu mai tare shi. Fayil na uku sunansa ya fara da “albashi”.

Oga ya cire tabarau ya goge da bakin riga. “Wato yanzu ni ne baƙon?”

Na ce, “A'a ranka ya daɗe, wataƙila majigin ne.” Majigin! Wallahi da bakina na faɗa. Na sake dannawa, kamar injin zai ji kunyata ya canza magana. Bai canza ba. Na danna na uku. Na nemi linzami in rufe tagar, hannu na rawa, na ƙara mata girma.

Duk wannan wani abokin aikinmu mai yawan cin gyaɗa yana kujerar baya. Bai ce uffan ba sai da aka yi tsit, sannan ya fasa ƙwaya ɗaya ya ce, “Da Python ka yi da ba a kai nan ba.” Mutumin da cazata ke hannunsa tun kafin azumi. Mutumin da in ya zauna a teburinka sai ka kwana kana zazzage ɓawo daga cikin kibod. Abin da ya fi ƙona min rai, gaskiya ya faɗa: pwd.getpwnam na Python sabon abu yake ba ka a kowane kira, in babu sunan kuma ya jefo KeyError. Amma shi ba don ya san haka ya faɗa ba. Ko janareto ne ya mutu cewa zai yi da Python aka yi.

Ga abin da ya faru. Allo ɗaya tak getpwnam yake da shi. Ka tambaye shi ya rubuta a kai ya nuna maka, ka sake tambaya ya wanke ya rubuta sabo a allon nan dai. Manunaina biyu wuri ɗaya suke nunawa, kira na biyu ya shafe na farko, ni kuma ina gwama baƙo da baƙo. Ko wa ya zo shi ne mai gida.

Da na gane, sai na yi gyaran gaggawa a gabansu: na kwafe struct passwd ɗin, wato ƙunshin bayanin asusun, gaba ɗaya kafin kira na biyu. Yanzu ya hana, alhamdu lillahi, amma ya rubuta cewa an hana baƙo shiga foldar baƙo. Lamba ta kwafu, sai dai pw_name da pw_dir su ma manunai ne, suna nan suna kallon tsohon allon. Sai an bi kowannensu da strdup, mai kwafe ainihin rubutun zuwa sabon wuri. Cikin ruɗewa kuma na ƙara free, mai mayar da wurin ajiyar da ka aro, a kan abin da getpwnam ya dawo da shi, wai ina tsabtace wuri. Wurin ba nawa ba ne, shirin ya faɗi nan take, ya bar “invalid pointer” a bango.

Yaron da ya zo koyon aiki ne ya matso ya ce a hankali, “Yaya, akwai mai _r a ƙarshe fa.” Ya buɗe man getpwnam, shafin bayaninsa da ban taɓa karantawa ya wuce rabi ba.

getpwnam_r kai ne za ka kawo allonka. Abu biyar yake karɓa: sunan, struct passwd naka, mazubin haruffa, girman mazubin, da manunin sakamako. Girman ka tambayi sysconf da _SC_GETPW_R_SIZE_MAX. In ya dawo da -1 ka zaɓa da kanka, misalin shafin 16384 ya sa. In ya dawo da ERANGE mazubin ya yi kaɗan, ka ninka ka sake kira. Tarkon da ya rage shi ne, in babu sunan 0 zai dawo da shi kamar komai lafiya, sakamakon ne kawai zai zama NULL, don haka duka biyun ake dubawa. Kuma kada ka ce za ka buɗe /etc/passwd ka karanta da kanka don ka huta, asusun da ke LDAP, rumbun asusai da ake karantawa ta hanyar sadarwa, ba ya ciki. Fankshin ɗin yana bin /etc/nsswitch.conf, fayil ɗin da ke faɗa masa inda zai nema, kuma getent passwd zai nuna maka abin da yake gani.

Kafin la'asar mun gyara, mazubi biyu, kowa da nasa. Na je in gaya wa Oga, aka ce ya fita. Foldar albashin dai an ɗauke ta daga sabar tun da azahar, ba a gaya min inda aka kai ta ba. Cazar ma har yanzu.