Baitocin zambo kan mulkin Buhari: a bar su, amma su tsaya a kan aiki

Tun bayan rasuwar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, Allah ya jiƙansa, wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun Hausawan Legas. Daga teburan masu shayi na Agege zuwa layin 'yan gwari na Mile 12, ana musu ne a kan baitocin barkwanci da aka daɗe ana turawa juna ta WhatsApp game da shekaru takwas na mulkinsa. Wasu sun ce tunda mutum ya koma ga Mahaliccinsa, a goge su a yi shiru. Wasu sun ce ba za su goge ba. Ni ina tare da waɗanda suka ƙi gogewa, sai dai ina da sharaɗi.

Duk wanda ya saurari irin baitocin ya san yadda suke. Gajeru ne, da amsa-amo mai sauƙin haddacewa, sau da yawa saƙon murya ne kawai, wani na rerawa wani na buga masa jarka. Abin da ke cikinsu kuma ba ƙage ba ne. Akwai macijin da wata ma'aikaciyar hukumar JAMB a Makurɗi ta ce ya haɗiye naira miliyan 36 a 2018. Akwai ɓerayen da fadar shugaban ƙasa ta ce sun ɓata ofishinsa a Agustan 2017, lokacin da ya dawo daga jinyar sama da kwana 100, har ya koma yin aiki daga gida. Mutane sun yi wa labarin ɓerayen dariya tun a ranar, domin hankalinsu bai kama shi ba. Bayan shekaru, kakakin da ya ba da labarin ya amsa da bakinsa cewa ƙirƙirarsa ya yi don ya kawar da hankalin jama'a daga batun rashin lafiyar. Ashe mai baiti ya riga kowa gano ƙaryar.

Amma inda baitocin suka fi zafi shi ne canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000 a Oktoban 2022, kuma kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki, an riga an ɗanɗana kuɗa. A Mile 12 abin ya wuce labari. Tirela ta kwana biyu ko uku a hanya daga Kano ko Katsina, an sauke kwandunan tumatir, ga mata masu sari sun zo, amma babu tsabar kuɗi a hannun kowa. A tura ta waya, kuɗin su fita daga asusun mai saye su ƙi shiga na mai kaya, su tsaya suna kallon juna rana tana dukan kwando. Tumatir ba ya jiran banki, kafin la'asar ruwa ya fara tsiyaya ta ƙasan kwandon. Ɗan dako da ya wuni yana ɗaukar kaya a ka ba shi da asusu, ladansa a hannu yake karɓa, ranar kuwa babu abin ba shi. Mai POS ya sayar maka da kuɗinka da tsada, kana godiya.

Wane littafin gwamnati ne zai rubuta wannan? Rahoton banki zai kawo alƙaluma, ba zai kawo ɗan dakon da ya kwana da yunwa ba. Baiti huɗu da aka rera a bakin tirela su ne kawai wurin da ya ajiye shaidarsa. Wanda ya ce a goge su, ko bai nufa ba, yana cewa ne a goge shaidar wanda ba shi da jarida ba shi da lauya.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makaɗan fada sun san zambo da habaici tun kafin zuwan Turawa, kuma da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, waƙa na cikin manyan makamanta. Sunayen Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin ba su ɓace ba har yau. Bahaushe ya daɗe da gane cewa maganar da ba za ka iya faɗa wa mai mulki a fuska ba, kana iya sa mata kari ka rera.

Masu cewa a yi shiru suna da hujja biyu, kuma ba na raina ko ɗaya. Ta farko ta addini ce: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin mamata domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Haka ne. To amma zagi daban, ambaton abin da shugaba ya aikata da amanar jama'a daban. Littattafan tarihin Musulunci cike suke da labaran halifofi da gwamnoni, da adalcinsu da kurakuransu, malamai ne kuma suka rubuta. Ana yi wa mutum addu'ar rahama, a kuma ce canjin kuɗi ya jefa talaka cikin wahala. Baki ɗaya na iya furta duka biyun.

Hujja ta biyu ta mu mazauna Legas ce. Dattawa kan ce, a ƙasar mutane muke, kada mu tona asirin gida a gaban maƙwabta. Na fahimci inda wannan ya fito. A shekarun nan takwas, ɗan Arewa da ke tura baro ko yake gadi ya sha jin ana jingina masa duk abin da gwamnati ta yi, kamar shi ya sa hannu a takardar. Sai dai shirun da ake nema shi ne ke tabbatar wa maƙwabtan zargin da suke mana, cewa ba ma ganin laifin namu. Alhali wa ya fi mu shan wuya? A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, a jihar shugaban ƙasa, yana Daura a lokacin. Ka tambayi samarin da ke kwana a gefen mayankar Oko-Oba abin da ya kawo su, da yawa za su ce maka gonar ce ta gagara shiga saboda 'yan bindiga. Wanda ya bar gonarsa a Zamfara ya zo yana wanke takalmi a Obalende yana da haƙƙin rera baitinsa, a ji shi a ko'ina.

A Obalenden ma, ga Barikin Dodan nan kusa, inda Buhari ya yi mulkin soja daga ƙarshen 1983 zuwa Agustan 1985. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ce ta ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. A mulkinsa na farar hula kuma an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Hukuma na iya rufe jarida ta rufe shafi, baitin da mutum ya haddace ne ba ta da yadda za ta yi da shi.

Sharaɗina shi ne baiti ya tsaya a kan aiki, kuma ya tsaya a kan gaskiya. Yi wa ciwon mutum dariya, ko mutuwarsa, ko iyalinsa da ba su riƙe muƙami ba, wannan rashin tarbiyya ne ko da an sa masa amsa-amo. Tatsuniyar nan ta cewa an musanya Buhari da wani ɗan Sudan, wadda har sai da ya fito ya ƙaryata a 2018, ba ta da wuri a cikin waƙar mai mutunci. Haka batun kwangilar yankan ciyawa: an sallami Babachir Lawal daga muƙaminsa na Sakataren Gwamnatin Tarayya a 2017 kan zarginsa da hannu a ciki, amma kotu ta sallame shi daga tuhumar a 2022, don haka mai baitin da ke son a yarda da shi dole ya san inda zancen ya kwana. Abdulrasheed Maina, wanda ake nema kan zargin wawure kuɗin fansho, an dawo da shi aiki a ɓoye a 2017, abin kunya ne, kuma a ƙarƙashin gwamnatin ce aka yanke masa ɗaurin shekara takwas a 2021. Shi ma jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da aka ƙaddamar a Yunin 2021 yana ratsa Agege kullum, ba wanda zai ce bai ji ƙararsa ba. Ba aikin mai zambo ba ne ya yi kirari, amma kada ya musanta abin da ido ke gani.

Abin da ya fi damuna ba baitocin da ake yi wa mamaci ba ne, ƙarancin waɗanda ake yi wa masu rai ne. Akwai mawaƙan da suka cika aljihu da yabon Buhari yana kan kujera, sai da ya sauka harshensu ya warware. Irin wannan zambon ba na sayensa ko kyauta. Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu, tsohon gwamnan jihar nan da muke zaune, ya ce tallafin mai ya tafi, kuma cikin 'yan kwanaki farashin fetur ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin ɗauko kwando daga Arewa ya bi shi. Gwamnonin jihohinmu na gida suna nan da ransu, 'yan majalisar da muke komawa gida mu zaɓa su ma haka. Duk wanda ya iya tsara baiti a kan maciji da ɓera, ina jiran nasa a kan kuɗin motar Legas zuwa Kano da farashin buhun masara, kuma ya rera shi yanzu, masu kujerar suna ji.